Waiwaye Kan Sabunta Manhajar Rumbun Bayanai: Daga Daren Gyara Zuwa Neman Hanyar Komawa

A cikin dukkan na'urorin da banki ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati ke dogara da su, babu wadda masu kula da ita suke jin nauyin taɓawa kamar sabar rumbun bayanai, wato kwamfutar da aka keɓe domin ta adana bayanai cikin jadawalai masu tsari, ta amsa tambayoyin da sauran manhajoji ke aiko mata, ta kuma rubuta kowane canji ta yadda ba zai ɓace ba ko da wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki. Dalilin wannan nauyi shi ne, sabar da aikinta bai wuce nuna shafi ko karɓar buƙata ta miƙa gaba ba, ba ta riƙe da wani abu da babu shi a wani wuri, saboda haka idan sabuntawa ta lalata ta sai a goge ta a sake ɗora tsohuwar manhaja, alhali abin da ke cikin rumbu, kamar ragowar kuɗin da ke asusun mutum ko sakamakon gwajin jininsa, sau da yawa ba shi da wani tushe da za a koma a ɗebo shi. Wanda ya bi tarihin wannan aiki zai ga cewa kayan aiki sun canja ƙwarai, kuma lokacin da ake rufe sabar ya ragu daga kwana biyu zuwa daƙiƙoƙi, amma wuyar lamarin tana nan inda take tun farko, domin manhaja tana komawa baya cikin sauƙi, bayanan da aka rubuta bayan an sabunta ta kuwa ba sa bin ta.

Sabuntawa iri biyu ce, kuma rashin bambance su ya jawo asara mai yawa. Akwai ƙarama, wadda ma'aikata ke kira faci, da ke toshe wata ɓaraka ta tsaro ko gyara kuskure ba tare da ta taɓa fasalin da bayanai suke kwance a kan faifai ba, sannan akwai babba, wato ƙaura daga wata siga zuwa sabuwa, wadda takan sauya fasalin fayilolin bayanai da kundin da rumbun ke ajiye bayanin kansa a ciki. Manhajar PostgreSQL ta fayyace wannan bambanci a lambobinta tun daga siga ta 10 da ta fito a 2017, ta yadda tafiya daga 16.3 zuwa 16.4 ba ta buƙatar fiye da a tsayar da sabar, a musanya manhajar, a sake tayar da ita, amma tafiya daga 16 zuwa 17 tana buƙatar a juya bayanan kansu zuwa sabon fasali.

A zamanin manyan kwamfutocin IBM, lokacin da gyare-gyare ke zuwa a kan tef ɗin maganaɗisu ta hannun masinja, aikin yana tafiya ne cikin natsuwar da yanzu ta zama tarihi. Banki yana rufe ƙofa da yamma, lissafin yini yana gudana cikin dare, kuma daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin akwai sarari mai faɗi da za a tsayar da komai, a kwafe rumbun gaba ɗaya a kan tef, a ɗora gyara, a gwada, idan bai yi ba a mayar da abin da aka kwafe ba tare da an rasa ko layi ɗaya ba, kasancewar babu wanda ya rubuta komai a tsakanin. Abin lura a nan shi ne kayan aikin IBM na sarrafa gyare-gyare, mai suna SMP/E, ya raba ɗora gyara da amincewa da shi zuwa mataki biyu: ana fara ɗora shi a kan manhajar da ke aiki yayin da tsohon kwafi ke nan a ajiye, kuma muddin ba a ba da umarni na biyu na amincewa ba, ana iya janye shi a dawo da na da. Masu kula da irin waɗannan na'urori sukan bar makonni a tsakanin matakan biyu. Su ma ba sa gaggawar ɗora kowane gyara, domin na'urar da ke kulle a ɗaki, ba ta haɗe da wata hanyar sadarwa ta jama'a, ba ta da abokin gaba daga waje, kuma gyaran da bai shafi wata matsala da ake fama da ita ba, haɗari ne kawai da babu riba a cikinsa. Ra'ayin da ya kafu a lokacin, cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ba lalaci ba ne, lissafi ne da ya dace da yanayinsa.

Intanet ce ta ruguza wannan lissafi, kuma ranar da hakan ya fito fili ita ce Asabar 25 ga Janairun 2003, lokacin da tsutsar kwamfuta mai suna Slammer ta ɓulla. Tsutsa, a wannan fanni, ƙaramar manhaja ce da ke yaɗa kanta daga na'ura zuwa na'ura ba tare da wani ya danna komai ba, kuma wannan girmanta bai wuce bayit 376 ba, har ta shiga cikin ƙunshin saƙo guda. Tana shiga ne ta wata ɓaraka a SQL Server 2000 na kamfanin Microsoft, ta ƙofar sadarwa mai lamba 1434, kuma da zarar ta shiga sai ta fara watsa kwafinta zuwa adireshin da ta ga dama iya ƙarfin layin da take kai. A mintin farko yawan na'urorin da ta kama yana ninkawa kusan kowace daƙiƙa 8 da rabi, kuma cikin minti 10 ta mamaye mafi yawan na'urori kimanin 75,000 da ta kama. Ba ta goge bayanan kowa ba, cunkoson da ta haddasa ne ya yi ɓarna, inda mafi yawan na'urorin cirar kuɗi 13,000 na Bank of America suka daina aiki na wani lokaci, intanet ta durƙushe na awoyi a Koriya ta Kudu, kuma allon sa ido kan lafiyar tashar nukiliya ta Davis-Besse a jihar Ohayo, wadda aka yi sa'a tana rufe a lokacin, ya tsaya kusan awa 5.

Abin da ya sa wannan lamari ya zama iyaka tsakanin zamani biyu shi ne, Microsoft ta riga ta fitar da facin ɓarakar tun watan Yulin 2002, wata 6 kafin tsutsar, bayan mai bincike David Litchfield ya gano ta ya sanar da kamfanin. An yi ta zargin masu kula da sabobi da sakaci, kuma akwai gaskiya a zargin, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Facin na farko ba ya ɗora kansa, sai mutum ya tsayar da rumbun ya kwafi fayiloli da hannu ya bi umarni mataki-mataki, aikin da kowane mai hankali zai ɗage har sai ya sami lokacin da ba a ciniki. Bugu da ƙari, ƙaramin injin rumbun mai suna MSDE yana ƙunshe a cikin wasu manhajoji da yawa, ta yadda dubban mutane suna tafiyar da sabar rumbun bayanai ba tare da sun san suna da ita ba, ballantana su nema mata faci. Hatta wasu na'urori a cikin Microsoft kanta sun kamu. Darasin da masana'antar ta ɗauka shi ne cewa facin da ke da wuyar ɗorawa kusan daidai yake da facin da ba a fitar ba.

Martanin da ya biyo baya na kalanda ne. Daga Oktoban 2003 Microsoft ta koma fitar da gyare-gyarenta a Talata ta biyu ta kowane wata, Oracle ta fara tattara facinta na tsaro sau huɗu a shekara daga Janairun 2005, a watannin Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, masu haɓaka PostgreSQL kuma suka tsayar da Alhamis ta biyu ta Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Amfanin ranar da aka sani shi ne ana iya tanadar ma'aikata da na'urar gwaji da sanarwa ga masu amfani tun kafin facin ya iso. Illarta kuwa ita ce masu kutse su ma sun san ranar, kuma faci da kansa taswira ne, domin wanda ya kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa zai ga daidai inda aka toshe, ya koma ya nemi waɗanda ba su toshe ba. Saboda wannan ne a farkon Afrilun 2013 masu haɓaka PostgreSQL, waɗanda a al'ada suke aikinsu a bainar jama'a, suka rufe ma'ajiyar rubutun manhajarsu na ɗan lokaci, suka sanar da ranar fitar da wani gyara mai muhimmanci tun da wuri, domin kada bayanin ɓarakar ya riga facin isa ga mutane.

Da a ce kowane faci lafiyayye ne, da maganar ta ƙare a kan gaggawa. Ba haka abin yake ba, kuma misalan ba na zamanin da ba ne. Oracle ta janye manhajarta ta rumbu MySQL 8.0.29, wadda ta fito a Afrilun 2022, daga shafin saukewa, saboda wani kuskure da kan sa a karanta bayanan jadawalin da aka ƙara wa ginshiƙi ba daidai ba. A Yunin shekarar ne aka fitar da PostgreSQL 14.4 ba a kan kalanda ba, bayan an gano cewa tun daga 14.0 gina fihirisa, wato jerin da rumbu ke bi wajen neman layi, yayin da rumbun ke aiki yana iya barin wasu layuka a waje ba tare da wani gargaɗi ba, kuma ɗora facin kaɗai bai wadatar ba, sai an sake gina fihirisan da abin ya shafa. A ranar 14 ga Nuwamban 2024 ma, ƙananan sabuntawar PostgreSQL sun zo da canjin da ya karya wasu manhajojin ƙari da ke jingine da rumbun, har sai da aka sake fitar da wasu ranar 21 ga watan. Mai kula da rumbu na wannan zamani yana tsakanin gaba kura baya sayaki, domin idan ya ɗora faci ranar da ya fito ya zama ɗan gwajin kamfani, idan kuma ya jira wata 6 ya zama abin farautar masu kutse. Abin da gogaggu suka tsaya a kai shi ne a karanta takardar bayanin sabuntawa daga farko har ƙarshe, a tantance ko ɓarakar tana iya isa ga sabar a yadda aka girke ta, a ɗora a na'urar gwaji nan take, sannan a bar 'yan kwanaki kafin a taɓa babbar sabar, sai dai idan an riga an fara kai hari ta ɓarakar, wanda a nan jira ya fi ɗorawa haɗari.

A daidai lokacin da yawan faci ke ƙaruwa, daren da ake ɗora su a cikinsa ya ɓace. Kasuwancin intanet ba ya rufewa, kuma ko a Najeriya, tun da aka kafa tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, sannan masu POS da tura kuɗi ta wayar hannu suka cika kasuwanni, babu wata sa'a da rumbun banki yake hutawa. Hanyar da ta maye gurbin daren ita ce kwafi mai gudana, wato a ajiye sabar ta biyu, mataimakiya, wadda ke karɓar kowane canji daga jagora tana maimaita shi a kan nata faifan. MySQL ta sami wannan tun farkon shekarun 2000, PostgreSQL ta shigar da shi cikin jikinta a siga ta 9.0 a 2010, SQL Server kuma ta kawo tsarinta na Always On a 2012. Da wannan, ana ɗora faci a kan mataimakiya yayin da jagora ke ci gaba da aiki, a bar ta ta cim ma abin da ya wuce ta, a karkata wani ɓangare na tambayoyin karatu zuwa gare ta domin a ga halinta, sannan a dakatar da rubutu na 'yan daƙiƙoƙi a miƙa mata jagoranci, a koma a yi wa tsohuwar jagora nata facin. Ana farawa da mataimakiya ne domin sabuwar manhaja takan fahimci abin da tsohuwa ta aiko, amma babu tabbacin tsohuwa za ta fahimci sabuwa.

Ga babbar sabuntawa kuwa wannan bai isa ba, domin kwafin da ke maimaita faifai bayit bayan bayit yana buƙatar sabobin biyu su kasance a babbar siga ɗaya. Sai aka koma ga kwafi na ma'ana, wanda maimakon ya aika da ɓangaren faifai, yana aika bayanin cewa an ƙara layi kaza ko an canja layi kaza, abin da kowace siga za ta iya aiwatarwa da nata fasalin. Tsarin Slony ya yi wa masu PostgreSQL wannan hidima tun 2004, kafin siga ta 10 ta zo da nata. Wannan na siga ta 10 yana da tarkonsa, domin a yadda ya zo bai kwashe canjin tsarin jadawali ba, bai kuma kwashe matsayin ma'ƙirgin da ke ba kowane sabon layi lambarsa ba, saboda haka wanda ya manta ya daidaita ma'ƙirgin da hannu kafin miƙa jagoranci zai ga sabuwar sabar tana ƙoƙarin raba lambobin da aka riga aka ba wasu.

Duk waɗannan dabaru sun rage lokacin rufewa, amma ba su warware matsalar komawa ba, hasali ma sun tsananta ta. A zamanin daren gyara, kwafin da aka ɗauka kafin a fara aiki cikakkiyar hanyar komawa ce. Yanzu kuwa, daga daƙiƙar da sabuwar sabar ta karɓi rubutu na farko, wancan kwafi ya zama tsoho, kuma komawa gare shi bayan awa 3 yana nufin share cinikin awa 3, tamkar ɗan kasuwan da ya sake littafin bashinsa da safe, ya ga sabon bai yi masa ba da la'asar, ya ɗauko tsohon alhali duk wanda ya biya ko ya karɓi kaya a yinin sunansa yana cikin wanda ya jefar. Kayan aikin kansu sukan rufe ƙofar baya. Manhajar pg_upgrade, wadda ta zo tare da PostgreSQL 9.0 domin ta kawar da buƙatar zazzage rumbu gaba ɗaya a sake loda shi, tana da yanayin da take gama aiki cikin mintuna ko da rumbun ya kai terabayit da yawa, ta hanyar sa tsohuwar siga da sabuwa su yi tarayya a fayiloli ɗaya, amma da zarar an tayar da sabuwar, tayar da tsohuwar ba shi da aminci kuma. MySQL 8.0, wadda ta fito a Afrilun 2018 da sabon kundin bayanin jadawalai, ba ta goyon bayan saukowa zuwa 5.7 a kan fayilolin da ta riga ta juya.

Abin da ya sami bankunan RBS da NatWest da Ulster Bank a Birtaniya a Yunin 2012 ya nuna cewa janye sabuntawa aiki ne mai zaman kansa, mai nasa haɗarin. Manhajar da aka sabunta ba rumbun ba ce, wadda ke tsara shigar da hada-hadar yini cikin asusun mutane da dare ce, amma abin da hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar ta gano ya shafi kowane mai kula da rumbu, domin ma'aikatan sun ga matsala bayan sabuntawar, suka yanke shawarar cire ta ba tare da sun gwada abin da cirewar za ta haifar ba, ba su kuma san cewa sabuwar siga ba ta jituwa da tsohuwar ba. Mutane fiye da miliyan 6 da rabi ne abin ya shafa, wasunsu na makonni, kuma a Nuwamban 2014 hukumomi biyu suka ci bankunan tarar fam miliyan 56 a haɗe. Takardar shirin aiki da ta ƙare da jimla guda mai cewa idan an sami matsala za a koma tsohuwar siga, ba ta ƙunshi shiri ba, fata kawai ta ƙunsa.

Misalin akasin haka shi ne yadda kamfanin GitHub ya ƙaura daga MySQL 5.7 zuwa 8.0, aikin da aka fara shirinsa a tsakiyar 2022 kuma ya ɗauki fiye da shekara, a kan sabobi sama da 1,200 masu ɗauke da bayanai fiye da terabayit 300. Sharaɗin da injiniyoyin suka gindaya wa kansu shi ne dole a iya komawa 5.7 a kowane mataki ba tare da an katse hidima ba, kuma domin cika shi sai suka sa sabuwar jagora mai 8.0 ta riƙa aika canje-canjenta baya zuwa rukunin sabobin 5.7 da aka bari a raye, hanyar da Oracle ba ta ba da tabbaci a kanta ba, wadda sai da suka daidaita saitin jeranta haruffa da na izinin masu amfani kafin ta yi aiki. Ba su kashe tsofaffin sabobin wani rukuni ba sai bayan sabuwar ta ɗauki nauyin aƙalla cikakken yini da dare. Duk da gwajin da suka yi, sun ci karo da tambayoyin da suka wuce a na'urar gwaji lafiya amma suka kayar da sabar a fagen aiki, saboda suna ɗauke da jerin ƙimomi dubun-dubata da gwajin bai taɓa kaiwa ba. Ba kowace hukuma ce ke da ma'aikata da kuɗin yin irin wannan ba, amma ainihin dabarar, wato raba ɗorawa da amincewa, ita ce dai ta SMP/E, an sake gina ta da tsada mai yawa domin duniyar da rubutu ba ya tsayawa a cikinta.

Inda kwafi mai gudana ya kasa, kwafin ajiya ne mafaka ta ƙarshe, kuma kuskure ne a ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan, domin mataimakiya tana maimaita ɓarna da irin saurin da take maimaita gyara. Shi kansa kwafin ajiya sabuntawa tana iya kashe shi a ɓoye. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, yana ƙoƙarin gyara mataimakiyar da ta tsaya, ya goge ma'ajiyar bayanai a kan jagora bisa zaton yana kan mataimakiya, kuma kafin ya tsayar da umarnin kusan dukkan gigabayit 300 sun tafi. Da aka je ɗauko kwafin da ake zaton ana ɗauka kullum sai aka tarar babu komai, domin rumbun yana siga ta 9.6 yayin da manhajar ɗaukar kwafin ta 9.2 ce, wadda ta ƙi aiki da sabar da ta fi ta sabunta, saƙonnin da ke sanar da gazawar kuma ba sa isa ga kowa saboda sabar imel tana ƙin karɓarsu. Abin da ya cece su hoton faifai ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin lamarin domin wani gwaji, kuma bayanan waɗannan awoyi sun tafi ke nan. Tun daga lokacin maganar da ma'aikata ke yawan maimaitawa ita ce kwafin da ba a taɓa mayarwa ba, ba a san ko kwafi ba ne, kuma gwajin mayarwar ya kamata ya biyo bayan kowace sabuntawa, ba ya gabace ta kawai ba.

Akwai kuma nau'in lalacewar da ba ta kayar da sabar, wadda ta fi wuyar ganewa. Mafi sauƙinta ita ce ta ƙididdiga. Rumbu yana zaɓar hanyar amsa kowace tambaya ne bisa ƙiyasin da yake ajiye da shi na yawan layuka da yadda ƙimomi suka rarrabu, kuma shekara da shekaru pg_upgrade ba ta ƙetarar da wannan ƙiyasi zuwa sabuwar siga, sai a siga ta 18 da ta fito a Satumban 2025, ta yadda wanda ya buɗe wa jama'a kafin ya sake tattara ƙididdigar zai ga tambayar da ke ɗaukar ƙiftawar ido ta koma ɗaukar mintuna. Mafi muninta kuwa ta zo ne daga ƙarƙashin rumbun. A Agustan 2018 aka fitar da siga ta 2.28 ta glibc, wato tarin ƙananan ayyuka na gama-gari da kusan kowace manhaja a kan Linux ke kira, kuma a cikinta an sabunta ƙa'idojin jeranta rubutu. Jeranta rubutu yarjejeniya ce ba ɗabi'a ba, kamar yadda mai haɗa ƙamusun Hausa yake yanke shawarar inda ƙ za ta zauna dangane da k, ko yadda zai yi da ɗaurin da ke tsakiyar kalma. A tsohuwar ƙa'ida ta Ingilishin Amurka rubutun 11 yana gaban 1-1, a sabuwa kuma yana bayansa. Fihirisa, wato jerin da rumbu ke ginawa domin ya sami layi ba tare da ya karanta jadawali duka ba, an jera shi ne bisa tsohuwar ƙa'ida, kuma idan aka ɗaga babbar manhajar na'ura daga Debian 9 zuwa 10, ko daga Red Hat 7 zuwa 8, ba tare da an taɓa PostgreSQL ko kaɗan ba, rumbun zai riƙa neman layi da sabuwar ƙa'ida a cikin jerin da aka yi da tsohuwa. Sakamakon shi ne layin da ke nan a ce babu shi, kuma ginshiƙin da aka haramta wa maimaici ya karɓi suna ɗaya sau biyu, a hankali, wata bayan wata, ba tare da ko saƙon kuskure ɗaya ba. Maganin ba shi da wuya, sake gina fihirisan rubutu ne kafin a buɗe, kuma sabbin sigogin PostgreSQL suna gargaɗi idan ƙa'idar ta canja, amma sai wanda ya san cewa iyakar abin da yake kula da shi ba ta tsaya a manhajar rumbu ba ne zai yi tunanin dubawa.

Hidimar gajimare, wato hayar rumbu a cibiyoyin manyan kamfanoni maimakon mallakar na'ura, wadda Amazon RDS ya buɗe wa hanya a Oktoban 2009, ta ɗauke wa hukumomi da yawa aikin hannu, domin kamfanin ne ke ɗora ƙananan faci a ɗan lokacin da mai haya ya zaɓa a mako, shi ne ke ɗaukar kwafi, kuma tun 2022 yana iya gina tagwayen rumbu a sabuwar siga ya miƙa musu jagoranci cikin ɗan lokaci. Abin da ba ta ɗauke ba shi ne sanin ko tambayoyin manhajar mai haya za su yi aiki daidai a sabuwar siga, abin da ta karɓe kuma shi ne ikon cewa ba yanzu ba, domin daga 2024 wanda ya zauna a kan MySQL 5.7 ko PostgreSQL 11 a RDS yana biyan ƙarin kuɗi a kan kowace awa.

Idan aka auna tsawon wannan tafiya, ci gaban da aka samu na gaske ne, amma ya fi yawa a ɓangaren shiga fiye da ɓangaren fita, kuma sauƙin danna maɓalli ya sa ana mance cewa mafi yawan aikin yana kafin dannawar da bayanta. Masu asusu a Najeriya sun ɗanɗana wannan a rabin ƙarshe na 2024, lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya manhajar da ke riƙe da asusunsu, aka sanar da rufewa ta ƙarshen mako, amma mutane suka shafe kwanaki suna fama da tura kuɗin da ba ya isa. Hukumar da ba za ta iya faɗin yaushe ta gwada mayar da kwafinta na ƙarshe ba, da awa nawa mayarwar ta ɗauka, da wane mataki ne bayansa babu komawa, da wane ma'aikaci ne ke da ikon cewa a dakata, ba ta da hujjar sa ranar sabuntawa, kuma ba ta da hujjar ɗage ta, domin kalandar ba a hannunta take ba. PostgreSQL tana tallafa wa kowace babbar siga shekara 5 ne kawai, MySQL 5.7 ta kai ƙarshen wa'adinta a Oktoban 2023, kuma wa'adin da Oracle ta sanya wa 8.0, wadda aka sha wahalar ƙaura zuwa gare ta, shi ne Afrilun 2026, shekara 2 da rabi kacal bayan na 5.7.